Ƙofar da Ba a Rufe Ba

Ranar Laraba nake tsallake gada,
daga Kawo zuwa Barnawa, mota biyu da ɗan tattaki.
Kogi na tafiyarsa a ƙasa, jajir da ruwan jiya,
ba wanda ya taɓa ce masa ya juya.

Ni an ce mini.
Wata bakwai ana faɗa mini
a wani gida can bayan layin dogo,
mai katanga da fasassun kwalabe a ka.
Wai tafiyata ba ta maza ba ce,
wai muryata, wai yadda nake riƙe kofi,
wai abin da zuciyata ta ɗauko ba da shawarata ba.
Suka ce aljana ce ta aure ni.
Suka turara ni da barkono har na manta sunana,
kullum suna cewa saura kaɗan ta fita.
Ba abin da ya fita sai barci,
irin wanda ko a Kasuwar Barci ba a sayarwa.

Tun daga nan ƙarar kwaɗo ke tsinka mini hanji.
Mai shago ya rufe shagonsa da magariba,
ni kuma gwiwoyina su zama ruwa.

Malama Rifkatu ba ta sa farar riga.
Atamfa ce, da tabarau mai igiya,
fankar ofishinta na kuka kamar tsohuwar akuya.
Ran farko ta ce,
"Sagiru, in rufe ƙofa ko in bar ta?"
Na rasa amsa.
Rabon da a tambaye ni abin da nake so
har na manta yadda ake buɗe baki.
Ta bar ta. Har yau a buɗe take.

Na zauna ina jiran ta nuna inda na lalace,
don na saba, kowa da gudumarsa yake zuwa.
Ta ce, "Kai ba rediyo ba ne da zan gyara.
Raunin da aka yi maka za mu duba."

Ta koya mini ƙirga numfashi kamar canjin kuɗi,
huɗu ciki, shida waje.
In hayaƙin nan ya dawo mini a hanci
in kira sunan abin da ke gabana:
kalanda, buta, takalmina, ƙadangaren taga.
Likita ya ƙara da rabin ƙwaya da dare.
Wani mako ta yi aiki.
Wani mako in kwana zaune, baya jingine da bango.

Maganar Inna ce ta fi wuya.
'Yan kunnenta na aure ta sayar ta biya kuɗin gidan nan,
tana kuka ta miƙa ni, da ƙullin ƙuli-ƙuli.
Don tana so na ta kai ni.
Na kusa mutuwa a can.
Malama ta ce duka biyun gaskiya ne,
kada in tilasta wa ɗaya ta haɗiye ɗaya.
Har yanzu ban iya cin ƙuli-ƙuli ba.

Salla ma sai da na sake koyo.
Sun haɗa mini sunan Allah da bulala,
na yi wata da watanni ina warware su
kamar zaren da kaza ta shiga.
Shekaranjiya na yi sujada ban ƙanƙame jiki ba.

Jiya na sayi kwaɗo da kuɗina,
ƙarami, ɗan Sin, a bakin Kasuwar Kawo.
Na maƙala shi ta ciki.
Da ya ce ƙyas, hannuna ya yi rawa,
na ƙirga huɗu, na ƙirga shida,
na lalubi aljihu.
Makullin yana nan.

Laraba zan gaya mata.
Wataƙila in ce ta tura ƙofar kaɗan.
Kaɗan dai.